Ƙanena Yana Son Ya Amsa Laifin Fashi a Kotu, Mama Ta Ce Ya Musa

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce mai shekara 31 a nan Kaduna, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce. Ƙanena mai shekara 23, wanda yake koyon gyaran babur, ya biye wa wasu abokansa biyu suka tare wani mai POS da daddare yana komawa gida, suka ƙwace masa jakar kuɗi da wayoyi biyu. Ɗaya daga cikin abokan ne ya riƙe wuƙa, har ya yanki mutumin a hannu. Ƙanena shi ya tuƙa babur ɗin. An kama shi bayan kwana huɗu, sauran biyun har yau ba a gan su ba. Watansa 14 ke nan a gidan gyaran hali yana jiran shari'a, yanzu an ce wata mai zuwa za a kai shi Babbar Kotu. Da na je ziyara ya rantse min bai taɓa wuƙar ba, amma ya ce tabbas ya je, kuma an ba shi kasonsa. Ya ce ya gaji da zama, zai amsa laifinsa a gaban alƙali, domin wasu a ciki sun gaya masa wanda ya amsa ba ya wuce shekara biyu ko uku. Mama ta ce in ya amsa ba ta yafe masa ba, ya musa komai. Kawunmu kuma ya kawo wani mutum da ya ce a ba shi naira dubu ɗari takwas ya kashe maganar, har Mama ta fara cigiyar mai sayen filin gadonmu. Ba mu da lauya. Ba na iya barci, kuma ina jin kunyar mutumin da aka yanka, don matarsa 'yar unguwarmu ce. Malam, me zan yi?

Daga wata yaya a Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ba ki ladan wannan ɗawainiya da ta faɗo a kanki. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma abin da ya fi tsaya min shi ne jimlarki ta kusa da ƙarshe, inda kika ce kina jin kunyar wanda aka yanka. Mutane da yawa in nasu ya shiga irin wannan hali, mantawa suke yi akwai wani bawan Allah da ya fita neman halalinsa ya dawo gida da jini a riga. Ke ba ki manta ba. Ki riƙe wannan kunyar, za ta yi mana amfani a gaba.

Amma akwai abin da ba ya jira. A ziyara ta gaba, ko ma ta duk hanyar da saƙo zai isa gare shi kafin nan, ki gaya wa ƙanenki kada ya ce uffan game da amsa laifi ko musa shi har sai ya zauna da lauya, lauyan kuma ya karanta takardar tuhumar da idonsa. Maganar shekara biyu ko uku da aka gaya masa a ciki tana da asali, sai dai ba tasa ba ce. Waɗanda suka faɗa masa sun ga yadda ake yi a kotun majistare ne, inda wanda ya saci waya ko akuya yake cewa ya yi, a yanke masa 'yan watanni ko a ba shi zaɓin tara, a wuce wurin. Fashi da makami ba ya cikin wannan sahun. Shi ya sa ma majistare bai saurari shari'arsa ba, ya tura shi ajiya a gidan gyaran hali aka jira shawarar ma'aikatar shari'a, yanzu kuma aka nufi Babbar Kotu.

Bari in gaya miki abin da doka ta ce ba tare da na sa masa zuma ba, domin gara ki ji daga gare ni yau da ki ji a bakin alƙali. Dokar tarayya ta fashi da makamai, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, ta raba laifin gida biyu. Fashin da ba makami a cikinsa kuma ba a ji wa kowa ciwo ba, hukuncinsa ɗauri ne da bai gaza shekara 21 ba. Idan kuwa akwai makami, ko an raunata wani, hukuncin kisa ne. Makami a wannan doka bai tsaya ga bindiga ba, wuƙa da adda da gora duk sun shiga. Sannan ga inda rantsuwar ƙanenki ba ta fitar da shi ba: dokar ta haɗa wanda ya riƙe makamin da wanda yake tare da shi a hukunci ɗaya. Abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗa ne, abokin ɓarawo ɓarawo ne, sai ga shi a rubuce. A ƙarƙashin wannan sashe, in laifin ya tabbata, alƙali ba shi da ikon ragewa ko da tausayi ya cika masa zuciya. Jihar Kaduna kuma tana da nata kundin laifuffuka na 2017 da ake iya gurfanar da mutum a ƙarƙashinsa. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa lauya ita ce: da wace doka aka tuhume shi, wane sashe, kuma mene ne mafi ƙaranci da mafi girman hukuncin wannan sashen? Duk wata shawara a kan wannan amsar za ta hau.

Na san gabanki ya faɗi da kika karanta kalmar kisa. Ki ja numfashi. Doka ta san cewa gajiya da tsoro da zaman kurkuku suna sa mutum ya amsa abin da bai san nauyinsa ba, don haka ta yi masa shinge. Tsohuwar ƙa'ida ce a kotunan Arewa, kuma dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta maimaita ta: wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, ko ya ce ya aikata, alƙali zai rubuta masa cewa bai amsa ba, sannan masu gabatar da ƙara su kawo shaidunsu. Kin ga ke nan in tuhumar ta kisa ce, amsawar da yake ɗokin yi ba za ta gajarta masa zama ba ko da kwana ɗaya, kuma ba za ta sayo masa rangwame ba. In kuma tuhumar ta ɗauri ce mai ƙayyadadden ƙasa, amsawa kai tsaye tana iya sa a yanke masa shekarun nan take, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

To shin Mama ce ke da gaskiya, ya musa komai? A nan sai mun yi a hankali, domin kalmar “musu” tana da fuska biyu. Faɗin “ban amsa tuhumar ba” a kotu haƙƙi ne da tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa a sashe na 36, inda ya ce ana ɗaukar mutum marar laifi har sai an tabbatar. Ma'anarsa a aikace ita ce: ku kawo hujjarku a auna. Wannan daban yake da ya shiga akwatin shaida ya rantse cewa ranar yana Zariya, ko a nemo masa shaidun zur. Wancan na biyun ba zan ba ki shawararsa ba, ko da na tabbata zai fitar da shi. Haramun ne, laifi ne na daban a doka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata tambaya ɗaya daga lauyan gwamnati tana iya rushe shi, daga nan kuma duk wata maganar sassauci ta mutu. Akwai kuma bayanin da ya yi wa jami'an tsaro a farkon kama shi. Lallai lauya ya ga wannan takarda, ya tambaye shi da wane harshe ya yi magana, wa ya rubuta, an karanta masa kafin ya sa hannu, an ɗauki bidiyo ko akwai lauya a wurin, an taɓa lafiyarsa ko ba a taɓa ba. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Amma in da bakinsa ya faɗa ba tilas, kotu tana iya kama shi da wannan iƙirarin ko da ba wata shaida mai yawa. Ya gaya wa lauyansa gaskiya tsantsa. Sirri ne tsakaninsu, kuma lauyan da aka ɓoye wa rabin labari kamar likitan da aka ɓoye wa wurin ciwo ne.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da yaron da yake son ya faɗi gaskiya, kuma bai kamata ya jefa kansa a rami ba, ita ce yarjejeniyar amsa laifi. Dokar 2015 ta tanade ta, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka a 2017 a kan wannan tsari. Yadda take shi ne lauyansa ya zauna da masu gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a, ya nemi a sauya tuhumar zuwa wadda ta fi sauƙi, shi kuma ya amsa waccan, ya mayar da abin da ya ci, ya ba da haɗin kai. A tsarin dokar tarayya, rubuta yarjejeniyar ake yi kowa ya sa hannu, a ji ta bakin wanda aka cuta, alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko da yardarsa ya amsa. In alƙali ya ga hukuncin da aka daidaita a kai ya yi kaɗan, zai faɗa, wanda ake tuhuma kuma yana da damar janyewa a soma shari'ar sabuwa a gaban wani alƙalin. Ba na so in sa miki rai fiye da kima. Masu gabatar da ƙara ba dole ba ne su yarda, musamman a laifin da aka zubar da jini, kuma wanda aka ɗaure ta wannan hanya ƙofar ɗaukaka ƙararsa tana ƙuntata sosai. Duk da haka ƙanenki yana da abubuwan da lauya zai ɗora a kan tebur: wannan ne karonsa na farko in dai haka ne, ba shi ya riƙe wuƙar ba, yana da sana'a, kuma ya san sauran biyun. Wannan na ƙarshen zai yi masa nauyi, zai ce ba ya son ya tona abokai. Ki tambaye shi a cikin wata 14 ɗin nan wanne daga cikinsu ya aiko masa da ko sabulu. Ki kuma tuna masa cewa wanda ya yanki mutum a kan jakar kuɗi yana nan yana yawo da wuƙarsa a cikin gari.

Maganar lauya kada ta tsorata ki. Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976 domin marasa hali, kuma tana da ofis a Kaduna. Ki je da kanki da sunansa, da ranar da aka kama shi, da kotun da ta tura shi ajiya, da lambar ƙarar in kin samu. Ƙungiyar lauyoyi reshen Kaduna ma tana da masu ɗaukar irin wannan shari'a kyauta, kuma sashen walwala na gidan gyaran halin yana iya haɗa ɗan kaso da su. In tuhumar ta kisa ce kuma ya bayyana ba lauya, kotu da kanta za ta naɗa masa. Sai dai ban so ku jira hakan, ba a fafe gora ranar tafiya. Lauyan da ya ga takardu mako uku kafin zama ya fi wanda aka miƙa wa fayil a bakin ƙofar kotu. Kuma in Turancin ƙanenki bai nuna ba, haƙƙinsa ne a kawo masa tafinta kyauta, a karanta masa tuhumar da Hausa, kada kunya ta sa ya gyaɗa kai a kan abin da bai fahimta ba.

Shi kuwa mutumin Kawu, a sallame shi cikin mutunci. Ƙarar da ta kai Babbar Kotu, Babban Lauyan Jiha, wato Antoni Janar, shi ne tsarin mulki ya bai wa ikon dakatar da ita, ba wani mai zarya da ya ce ya san mutane ba. Kuɗin zai tafi, filin zai tafi, ku kuma ku shiga laifin ba da cin hanci. Filin nan gado ne, akwai haƙƙin sauran ƙannenki a ciki. In har za a taɓa wani abu daga cikinsa da yardar magada, to a taɓa don biyan wanda aka cuta.

Nan ne nake so in daɗe, domin nan ne zuciyarki ta riga ta nuna miki hanya. Mutumin nan an raba shi da jarinsa, wataƙila ma kuɗin wani ne yake juyawa, an bar masa tabo a hannu da fargabar da za ta riƙa tashinsa duk sanda babur ya tsaya a bayansa da dare. Malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin ɗan'adam ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Kuma hadisin nan na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumin, ya fassara taimakon da hana shi zaluncin. Taimakon ƙanenki na gaskiya ya haɗa da sauke masa wannan nauyi. Ki nemi limamin unguwa ko mai unguwa da wani dattijo daga danginku, su je su ba da haƙuri, su tambayi nawa aka ƙwace, nawa aka kashe a asibiti, a tsara yadda za a biya ko da kaɗan-kaɗan ne, a rubuta, shaidu su sa hannu. Amma ki kiyaye abu biyu. Kada a je sai lauya ya sani ya kuma tsara yadda za a yi, domin zuwan da kansa yana iya zama hujja a kotu. Kuma kada kowa ya furta masa cewa ya janye ko ya sauya shaidarsa ko ya ƙi zuwa kotu. Wannan laifi ne, kuma cuta ce ta biyu a kan ta farko. Yafiyarsa ba ta kashe ƙarar, don laifin fashi tsakanin mai laifi ne da hukuma, amma tana da nauyi a wurin masu gabatar da ƙara, tana da nauyi a wurin alƙali in hukuncin na ɗauri ne da yake da ikon aunawa. In kuma ya ce bai yafe ba, haƙƙinsa ne. A biya shi, a yi masa godiya da ya saurara, kada a ga baƙinsa, kada matarsa ta ga canjin fuska daga gare ki.

Game da Mama, kada ki yi jayayya da ita a kan doka. Abin da take faɗa da baki shi ne “ya musa”, abin da zuciyarta ke faɗa shi ne “kada a raba ni da ɗana”. Mace ce da ta binne miji, yanzu tana ganin ɗa zai suɓuce. Kalmar “ban yafe ba” ita ce ta fi damuna, domin yaro yana cikin ƙunci, an sa shi tsakanin fushin uwa da nauyin da ke ransa. Ki samu wanda take jin nauyinsa, yayanta ko malaminta na Islamiyya, ya roƙe ta ta janye wannan kalma, ta mayar da ita addu'a. Sannan ki kai ta wurin lauyan ta ji da kunnenta. Sau da yawa uwa takan karɓi magana daga bakin baƙo wadda ba za ta karɓa daga 'yarta ba.

Ki kuma soma shirya zuciyarki, ki shirya tata, cewa mai yiwuwa ne ƙwarai ya yi shekaru a ɗaure. In aka kai ga yanke hukunci, ana ba shi damar roƙon sassauci, kuma nan ne ake son takardar shaida daga maigidansa na gareji, da ta liman, da shaidar biyan da aka yi. Lauya ya roƙi a lissafa masa wata 14 da ya riga ya yi, a kuma haɗe masa hukuncin tuhume-tuhumen su tafi tare in sun fi ɗaya. A gidan gyaran hali ana yafe wa mai kyakkyawan hali kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa za ki ji ana cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Wanda aka yanke wa 21, alal misali, yana iya fita bayan 14. Idan hukuncin ya zo da kuskure, kwana 90 doka ta bayar a ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da mazauni a nan Kaduna, kada a bari kwanakin su wuce ana kuka. Bayan wannan akwai afuwar gwamna da sashe na 212 na tsarin mulki ya tanada, wadda ake nema a rubuce ta hannun kwamitin jinƙai na jiha, kuma halin da mutum ya nuna a ciki shi ake dubawa. Ya riƙe sana'arsa a can, ya shiga karatu. Akwai 'yan kaso da suka rubuta jarrabawar kammala sakandare a tsare, akwai waɗanda suka yi digiri kyauta a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Shekara 23 gare shi. Ko da an yanke masa mai tsawo, yana iya fitowa da sauran ƙarfinsa, in dai ya san akwai masu jiransa a waje. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai dai ka kai shi ga magani ko da maganin da zafi.

Ke ma ki tausaya wa kanki. Ki sanar da maigidanki duk halin da ake ciki, ki raba zirga-zirgar da Kawu, tunda ya nuna yana son ya taimaka, a ba shi aikin raka ki ofishin lauyoyi da jagorantar dattawan da za su je ban haƙuri. Gobe da safe ki fara da neman lauya. Idan kin je ziyara, ki gaya wa ƙanenki cewa kin ji daɗi da bai yi miki ƙarya ba, kuma gaskiyar da yake son faɗa za a faɗe ta, amma ta bakin lauya, a rubuce, a lokacin da ya dace. Da zarar kin samu takardar tuhumar, ki sake rubuto min dokar da sashen da aka ambata a ciki. Ina nan ina sa ku a addu'a, ku da bawan Allahn da aka yanka, Allah Ya ba shi lafiya Ya mayar masa da abin da ya rasa.